Baba Ernest Nagoda da Inuwar da Bai Ƙarasa Ba

A safiyar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Baba Ernest Nagoda a gidansa da ke Tudun Wada, Zariya, bayan gajeriyar jinya. Ya haura shekara saba'in a duniya. Ya bar mai ɗakinsa Mama Suzana, da 'yarsa Loveth, da jikoki, da ɗimbin ɗaliban da ya koya wa zane a sakandare kafin ya ajiye aiki. Labarin ya same ni a unguwar Kongo, na bar abin da nake yi na hau babur. Ko da na isa layin, an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an jera kujerun coci a gefe guda.

Akwai waɗanda za su yi ta'aziyyarsa a matsayin dattijon ikilisiya, akwai waɗanda za su yi a matsayin malaminsu. Ni, Evans Charles, zan yi tawa ne a matsayin mai karatu. Kuma ba zan yi kawaici ba: a duk faɗin ƙasar Zazzau ban san wanda ya karanta littattafan Baba da zurfin nazari da tahƙiƙin da na karanta su ba. Shi kansa ya san haka, ko da yake bai taɓa furtawa ba.

Ga wanda bai san su ba, ƙananan littattafai ne na labari cikin zane, irin waɗanda yara ke kira katun. Ana raba shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutum kuma a rubuta ta cikin da'ira a saman kansa. Jigonsu ɗaya ne tun daga na farko har na ƙarshe, wato mutanen ɓoye da zamansu a tsakanin 'yan Adam. A hannun kawuna na fara ganinsu ina firamare. Na girma da su, na shiga jami'a da su a ƙasan akwati, ƙarƙashin littattafan shari'a.

Baba, ka tuna ranar da na fara zuwa wurinka? Satin da na kammala digiri ne. Na same ka a barandarka kana feƙe fensir da reza, na durƙusa na gaishe ka, sannan na sanar da kai cewa na zo in gabatar maka da cikakken tarke a kan falsafar ayyukanka, da balagarsu, da gurabun da suka gaza. Ka ce in zauna. Na yi bayani tun rana tana tsaka har inuwar mangwaron gidan ta kai bakin ƙofa. Ba ka katse ni ba ko sau ɗaya. Da na kai aya, sai ka busa ƙurar fensirin daga cinyarka, ka ɗaga murya ka ce, "Suzana, a kawo wa Lauya tuwo. Wannan magana ba a yi ta da abinci a ciki ba." Daga ranar sunana ya koma Lauya a layin nan, kuma da wuya Asabar ta wuce ban zauna a wannan baranda ba.

Ra'ayina game da zanenka na faɗa maka a gabanka, zan kuma maimaita a bayanka. Matasan da ke zana labaran aljanu a yau, mafi yawansu takwarorina ne kuma ina girmama himmarsu, amma sun ɗauka tsoro a ƙaho yake, da jajayen idanu, da haƙora zaƙo-zaƙo. Suna aron dodannin wasu ƙasashe su sa musu babbar riga. Mai karatu ya kalla, ya yi dariya, ya juya shafi. Kai ba ka taɓa zana ƙaho ba. Za ka zana kasuwar Tudun Wada da hantsi, ga mai nama, ga mai tumatir tana yayyafa wa kayanta ruwa, ga ɗan acaɓa yana ciniki da wata mata mai goyo. Kowa da inuwarsa a ƙasa, baƙa wuluk, duk sun karkata gefe guda. Sai mutum ɗaya a cikin taron, sanye da kaya irin na kowa, yana taya albasa, ƙasan ƙafarsa fari fat. Ba ka nuna shi da kibiya, ba ka ambatonsa a rubutu. Mai karatu ne zai gano da kansa, wani lokaci sai ya kai ƙarshen littafin ya dawo baya. Ranar da na fara ganowa ina yaro, tsikar jikina ta tashi, na yi kwana da kwanaki ina duban ƙafafun mutane a hanyar makaranta. Wannan ita ce fasaha. Ka mai da idon mai karatu abokin aikinka, ka sa ya tsorata da abin da babu maimakon abin da akwai.

Kuma mutanen ɓoyenka ba duka miyagu ba ne. Akwai mai mugunta a cikinsu, akwai mai kunya, akwai wadda duk burinta ta ji ɗumin hira a gidan biki. Ka ɗauke su maƙwabta ne da ba a gama sani ba. Na sha gaya maka cewa wannan mahanga ce mai zurfin gaske a ilimin zamantakewa. Ka sha ba ni amsa da cewa kai dai abin da kakarka ta gaya maka kake zanawa.

Rubutunka kuwa, Baba, a nan muka raba hanya, kuma mutuwa ba za ta sa in janye ƙarata ba. Mutanenka ba sa magana yadda ya kamata. Mace za ta ga ɗanta ya dawo bayan an fid da rai, abin da za ka sa a bakinta shi ne, "Ka dawo?" Shi ke nan. Ina balaga? Ina zubar da abin da ke cikin zuciya? Ƙarshen labaranka ma sau da yawa gaggawa gare shi, kamar mai sallamar baƙo don hadari ya taso. Na kafa maka hujjoji a kan haka Asabar bayan Asabar. Amsarka ba ta taɓa canzawa ba: "Lauya, in na cika gidan da magana, ina zan sa fuskar matar?" Na yarda fuskar matar ta yi magana. Ban yarda ta faɗi duka ba. Muka zauna a haka, kowa yana kan bakansa, muna cin gyaɗa a faranti ɗaya, kuma ban san wata muhawara da ta fi wannan daɗi a rayuwata ba.

Akwai abu biyu game da tsarin aikinsa da ya wajaba mai karatu ya sani. Na farko, fuskokin mutanensa ba ƙirƙira ba ne. Na maƙwabta ne. Tela, da mai kemis, da matan zumunta, da limamin masallacin layi, duk sun shiga littafi, kuma suna alfahari da hakan. Na biyu, inuwa ita ce abin da yake sawa a ƙarshe. Sai ya gama zana littafin gaba ɗaya, ya bi da tawada, ya rubuta maganganu, sannan ya ware yini guda ya ɗauki burushi ya bi shafi-shafi yana ba kowa inuwarsa, ya tsallake wanda zai tsallake. Kafin wannan yini ko Mama Suzana ba ta sanin wane ne.

Wannan tsari ya taɓa jawo abin da ya dame shi matuƙa, tun kafin a haife ni. A littafinsa na farko, wadda ya hana inuwa wata mata ce da ya ɗauka daga kansa ya ƙago ta. Ashe hannunsa ya ɗauko kamannin Kulu mai waina, wadda ke suya a bakin layi, ba tare da ya lura ba. Yara suka gani. Kafin a ce haka, magana ta bazu cewa Malam Ernest mai ilimi ne, ba zai zana banza ba, lalle ya ga wani abu. Aka fara cewa Kulu mayya ce. Iyaye suka hana 'ya'yansu sayen wainarta, masu goyo suka riƙa sauya hanya. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san nauyin wannan kalma, ya san ta raba mutane da garinsu.

Da labari ya kai masa, bai tsaya rubuta bayani ba. Da hantsi ya je ya tsaya kusa da tandarta, ya tara yaran layin, ya ce kowa ya dubi ƙasa. Ga inuwar Kulu, ga tasa, sun miƙe tare har bakin kwata. Ya zauna a kan benci ya ci waina a gaban kowa har ya ƙoshi. Sannan ya ɗauki kwalbar tawada da burushi ya shiga gida-gida, daga Tudun Wada har Gyallesu, yana sallama yana roƙon a fito masa da littafin. Duk kwafin da ya samu, sai ya zauna a zaure ya zana wa matar nan inuwa da hannunsa a kowane shafi. Ya ɓata labarinsa da kansa domin ya gyara sunan maƙwabciyarsa. Kwafin kawuna yana wurina. Inuwar matar ta fi ta kowa baƙi, har ta ɗan huda takardar. A duk abin da na mallaka babu wanda na fi ji da shi.

Tun daga lokacin ya kafa wa kansa ƙa'ida wadda bai taɓa karyawa ba: duk wanda ya ari fuskarsa, sai ya biya shi da inuwa. Wanda za a hana kuwa, sai ya tabbatar fuskarsa ba ta kowa ba ce, har a yinin inuwar yakan kai wa Mama Suzana ta duba ko ta san mai irin hancin. Kulu kuwa ta ci gaba da sana'arta, ta aurar da 'ya'ya, ta je Makka. Yau Hajiya Kulu ce, kuma babu Kirsimetin da wainarta ba ta shiga gidan Baba ba.

Ajali ya riske shi yana kan littafi na ƙarshe. Ya gama zane, ya gama tawada, ya gama rubutu. Yinin inuwa kaɗai ya rage. Bayan an yi jana'iza da 'yan kwanaki, Loveth, wadda ta gaji hannun mahaifinta a burushi, ta kira ni baranda ta ajiye shafukan a gabana. Ta ce, "Lauya, kai da ka hana Baba sakat shekara da shekaru, ga ranarka. Inuwa zan iya sawa. Wanda zan tsallake ne ban sani ba."

Labarin mai sauƙi ne. Wani layi ne da ake wayar gari a tarar an gyara abin da ya lalace: gugan da ya tsinke an ɗaure, ƙyauren da ya karkace an daidaita. Mutanen layin suna ta tambayar juna wane ne, har littafin ya ƙare ba wanda ya faɗa. Inuwa ce kaɗai za ta ba da amsa, ga shi babu ko ɗaya a shafukan. Taron mutane tsaye a kan farar ƙasa, kamar an rataye su.

Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da natsuwar mai binciken shaida, ina neman baƙuwar fuska, wadda ba ta kowa ba. Babu. Kowa na san shi. Ga Hajiya Kulu da carbinta. Ga Malam Lawal tela da tef a wuya. Ga ni kaina, baki buɗe, an ba ni da'irar magana da ta cinye rabin shafi, cike da kalmomina na Asabar, tun daga "a mahangar falsafa" har rubutun ya faɗa bakin takarda bai ƙare ba. Ina so a rubuta a tarihi cewa ita ce magana mafi tsawo a duk ayyukan Baba, kuma ina ɗaukar hakan a matsayin nasara a muhawararmu, ko da Loveth tana da wata fassarar.

Sai a bi na biyu na lura da wani tsoho. Yana kusurwar kusan kowane shafi, zaune a kan benci, da reza da fensir a hannu. Ba a ba shi magana ko ɗaya ba. Baba bai taɓa zana kansa ba a tsawon rayuwarsa, shi ya sa idona ya tsallake shi da farko. Hujjar ta tsaya da ƙafarta. Mutumin da ya bi gida-gida da kwalbar tawada ba zai hana maƙwabci inuwa ba. A cikin fuskokin nan duka, ɗaya ce kawai yake da ikon yin yadda ya so da ita.

Na gabatar da wannan ga Mama Suzana a tsakar gida, mata 'yan gaisuwa suna zaune. Ta saurara har na gama, ta ce a'a. Kuma tana da dalilinta. Shekaru da yawa akwai masu gunaguni a coci cewa bai dace dattijon ikilisiya ya riƙa zana mutanen ɓoye ba. Ta ce, "Yana da rai ma sun faɗi abin da suka faɗa. Yanzu in bari a buga shi ba inuwa? Su ce ga shi ya tona kansa da kansa? Ku sa wa kowa, a huta."

Na ce, "Mama, in aka sa wa kowa, littafin ya mutu. An yi tambaya ke nan ba amsa."

Ta ce, "Littafi ne ya mutu, Lauya. Ni mijina ne ya mutu."

Na miƙa wa Loveth shafukan, na koma gefe na zauna.

Hajiya Kulu tana gefe a kan tabarma, da azumi a bakinta, domin rasuwar ta faɗo cikin watan Ramadan. Ta gyara mayafi ta ce, "Suzana, in dai sai an hana wani, a hana ni. Na saba. Wancan karon ma ban mutu ba, ƙiba na yi." Matan suka fashe da dariya, dariyar farko da aka yi a gidan tun ranar Talatar. Ta jira aka lafa, sannan ta ce, "Amma ki bar tsoron bakin mutane a kan Malam. Wa zai faɗa? Layin nan akwai gidan da bai shiga ya gyara wani abu ba? Duk wanda ya buɗe baki, a turo mini shi."

Mama Suzana ta karɓi shafukan daga hannun Loveth. Ta daɗe tana kallon tsohon da ke kan benci, ta sa yatsa ta shafa ƙasan ƙafarsa inda takardar take fara. Ta ce ko hular ma tasa ce, wadda ta sha cewa ya jefar. Sannan ta miƙa wa 'yarta ta ce, "Ki ba masu rai tasu. Shi inda yake yanzu rana ba ta dukansa."

A kan haka aka tsaya. Loveth ta ware yini guda kamar yadda mahaifinta yake yi, ta zauna a barandarsa da burushinsa. Na zauna kusa da ita, ban ce uffan ba sai sau biyu ko uku. Na ga inuwa tana sauka ƙarƙashin Hajiya Kulu, da Malam Lawal, da ni, kowa yana dawowa ƙasa ya tsaya da nauyinsa. Duk shafin da ta kai kan tsohon, sai ta ɗaga burushin ta wuce.

Hukuncina a matsayin mai karatu shi ne, wannan ne mafi kyawun littattafansa. Maganganun sun yi kaɗan kamar kullum, in ban da tawa. Ƙarshen ya zo da gaggawa kamar kullum. Amma a karo na farko, wanda ya gano marar inuwar ba zai ji tsoro ba. Zai koma shafin farko ne ya sake bi, yana neman tsohon a kowace kusurwa, yana jin daɗin samunsa.

Baba, ban zo da kuka mai yawa ba, domin ba ka bar mana abin kuka da yawa ba. Ka rayu ka ƙoshi da kwanaki, ka yi aikin da kake so, ka zauna lafiya da Kirista da Musulmi a layi ɗaya, ka saurari yaro mai yawan magana ba ka taɓa nuna ka gaji ba. Na gode da tuwo, na gode da gyaɗa, na gode da rabin shafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Suzana, da Loveth da maigidanta da 'ya'yansu, da dangin Nagoda na Zariya da na nesa, da ikilisiyar da ya yi wa hidima, da tsofaffin ɗalibansa. Ina miƙa ta ga Hajiya Kulu da Malam Lawal da dukan mutanen layinmu, waɗanda suka yi rashin maƙwabci. Ubangiji ya ta'azantar da zukatanku, ya ba ku ƙarfin jimrewa, ya tsare gidan da ya bari.

Allah Mai jinƙai ya gafarta wa bawansa Ernest kurakuransa, ya karɓe shi cikin salama, ya ba shi hutu a wurin da babu ciwo babu baƙin ciki, ya tashe shi tare da masu adalci a rana ta ƙarshe, albarkacin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Mu da muka rage muna jan inuwarmu a titunan Tudun Wada, Allah ya sa mu yi amfani da sauran ranarmu yadda ya yi da tasa, har yinin da za a zo kanmu a ɗaga burushi. Amin.